Tsakanin Teku da Tudu a Ƙasar Norwe

Kafin mai, kifi ne arzikin Stavanger. Garin yana kudu maso yammacin Norwe, kuma ya daɗe yana ciyar da duniya da kifin gwangwani: maza su kamo, a kyafe, mata su jera a gwangwani a zuba mai a rufe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta fara ja da baya, masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka, a ƙarshen 1969, kamfanin Phillips na Amurka ya tono mai a Ekofisk, can tsakiyar Tekun Arewa, nisan kusan kilomita 300 daga gaɓa. A 1971 aka fara ɗebowa. A 1972 majalisar ƙasar ta kafa kamfanin mai na gwamnati, Statoil, wanda tun 2018 ake kira Equinor, aka ajiye hedikwatarsa a Stavanger. Masunta da maƙeran jiragen ruwa da 'ya'yan manoma suka koma ma'aikatan mai. Don haka sauya sana'a ba baƙon abu ba ne a garin. Kusan kowane gida akwai kaka ko uba da ya taɓa yi.

Baƙon da ya sauka yana tsammanin garin mai irin wanda ya saba ji zai yi ta waige-waige. Babu hayaƙi, babu wari, ruwan tashar jirage tas da shi. Tsohuwar unguwa tana nan da fararen gidajenta na katako sama da 170, an kewaye su da furanni, ga tsohuwar majami'ar dutse mai shekara kusan 900 a tsakiyar gari. Gaskiya dai man yana can nesa a teku, ba a bayan gidan kowa ba. Amma ko a can ɗin, tun 1971 majalisa ta shimfiɗa ƙa'ida cewa ba za a riƙa ƙona iskar gas a banza ba.

Na sauka ne wajen ɗan yayata, injiniya, wanda karatun digiri na biyu ya kai shi garin, aiki kuma ya riƙe shi. Lokacin kaka ne, ruwa ba ya yini bai sauka ba. Wata ranar Lahadi ya ce, "Kawu, shirya mu shiga maƙwabta. Mutumin nan yana cikin wata shawara da na san za ta ba ka sha'awa."

Maƙwabcin mai aikin wayarin ne, ya ba shekara arba'in baya, ya yi kusan ashirin yana sa wuta a gidaje da shaguna. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso, ransa kuma ya gaji da yin abu guda kullum. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, suna da yara biyu 'yan makaranta. Aka kawo kofi baƙi ƙirin, wanda mutanen ƙasar ba sa rabo da shi, ya ɗauko tallan aiki guda biyu da ya buga a takarda ya ajiye a tebur. Ɗaya na wani kamfanin kwangila ne mai gyaran na'urorin lantarki a dandamalan haƙar mai na teku. Ɗayan na matatar mai ta Mongstad ne, arewa da Bergen. Wata uku ke nan takardun suna kan teburin, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya tofa albarkacin bakinsa.

Abin da ke jan kowa zuwa teku shi ne tsarin lokaci. Mako biyu a dandamali, mako huɗu a gida. A cikin mako biyun ana yin awa 12 kullum, ba Asabar ba Lahadi. Idan ka lissafa, awa 168 ke nan a cikin mako shida, wato awa 28 a mako idan aka raba, alhali ma'aikacin ofis a ƙasar yana yin 37 da rabi. Ga alawus na zaman teku a kan albashi, ga abinci da masauki a kan kamfani. Kuma ba dole ne ka zauna kusa da wurin aiki ba. Akwai masu gona a can arewacin ƙasar da suke hawo jirgi su zo Stavanger ko Bergen, su yi mako biyunsu, su koma wajen tumakinsu. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka yi ta ja da kamfanoni shekara da shekaru kafin a kai ga wannan tsari, domin a farkon zamanin mai kwanakin teku da na gida kusan daidai suke.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kafin ka taka dandamali sai likita ya ba ka takardar lafiya, kuma duk shekara biyu sai an sabunta ta. Sai kwas na kare kai. A nan ne ake sa mutum cikin wani akwati mai siffar helikwafta, a ɗaure shi a kujera, a nutsar da akwatin cikin ruwa, a kifar da shi ƙafa sama kai ƙasa. Ana so ya riƙe numfashi, ya ture taga, ya kwance bel, ya fito. Maƙwabcin ya riga ya yi wannan kwas da kuɗin aljihunsa. Da yake ba mu labari yana dariya, amma na lura hannunsa yana kan gefen tebur, daidai inda tagar take a ransa. Ni da ruwan da na fi sani shi ne na randa, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa.

Ba don wasa ake wannan atisaye ba. Helikwafta ita ce motar zuwa aiki. Daga filin jirgin Sola da ke kusa da garin ake tashi, a auna mutum a auna jakarsa, a bincika kada a shiga da barasa, domin haramun ce a dandamali, sannan kowa ya zura rigar ceto mai rufe jiki tun daga ƙafa har wuya, saboda ruwan Tekun Arewa yana iya sandarar da mutum cikin ɗan lokaci. A 29 ga Afrilun 2016 wata helikwafta da ta taso daga dandamalin Gullfaks B ta faɗi a Turøy kusa da Bergen, mutum 13 da ke ciki duk suka rasu. Matar maƙwabcin ba ta manta ranar ba, kuma ita ta fara ambatarta.

Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa mutanen nan suke ɗaukar kariya da tsananin da har yakan gundiri baƙo, ya je gidan tarihin mai da ke bakin tashar jirage, wanda aka buɗe a 1999. Daga wajen ruwa ginin kansa ya yi kama da ƙananan dandamali. A ciki akwai wani guntun ƙaton bututun ƙarfe da ya tsage. Na dandamalin Alexander Kielland ne. Wannan dandamali masauki ne na ma'aikata a yankin Ekofisk. Da yammacin 27 ga Maris 1980, ana iska mai ƙarfi, mutane suna cin abinci wasu suna kallon fim, sai ɗaya daga cikin ƙafafunsa biyar ta ɓalle. Cikin kusan minti 20 ya kife. Mutum 212 ne a ciki, 123 suka mutu. Bincike ya gano cewa tsagewar ta faro ne daga wata 'yar walda da aka yi don maƙala wata ƙaramar na'ura, aka raina ta, ta yi ta cin ƙarfen a hankali. Wasu kwale-kwalen ceton ma sun ƙi sakuwa daga ƙugiyoyinsu, igiyar ruwa ta yi ta buga su da jikin dandamalin har suka farfashe.

Na daɗe a gaban ƙarfen nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba su ɓoye shi ba. Sun ɗauko shaidar sakacinsu sun ajiye a tsakiyar gidan da suka gina don alfahari da mai, yara 'yan makaranta suna zuwa suna taɓawa. A Kvernevik, bakin teku, akwai wata ƙatuwar sarƙa tsinkakkiya da aka kafa don tunawa da mamatan. Bayan hatsarin aka sake dokoki: rigar ceto ga kowa, kwale-kwalen da ke sulalowa su faɗa ruwa da kansu, da tilasta wa kamfani ya auna haɗari tun kafin ya gina. Dokar ƙwadago ta ba wakilin da ma'aikata suka zaɓa kan harkar kariya ikon tsayar da aiki idan ya ga rai na cikin haɗari, kuma ba a cin shi tarar asarar da tsayarwar ta jawo. Ɗan yayata ya ce ya ga an yi, a gaban manyan injiniyoyi, babu wanda ya ɗaga murya.

Ba wai tarihin nasu ba shi da tabo ba. Masu nutso na zamanin farko, waɗanda aka riƙa turawa ƙarƙashin teku a shekarun 1970 da 1980, da yawansu sun fito da lalatacciyar lafiya, kuma sai da wasunsu suka kai ƙasarsu ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ta ba su gaskiya a 2013.

Lissafin matar gidan daban ne da na mijinta, kuma ni nata ya fi kama hankalina. Ta ce kowa mako huɗun yake gani, ba a ganin biyun. A cikin biyun nan ita ce uwa ita ce uba, ga aikin dare a asibiti. Yaro ya yi zazzaɓi, mota ta lalace, a kira daga makaranta, duk ita. Idan sallar Kirsimeti ta faɗo cikin kwanakinsa na teku, shi ke nan. Ta ga ƙawayenta matan ma'aikatan teku: miji ya dawo, kwanakin farko barci yake, musamman in aikin dare ya yi; kwanakin ƙarshe kuma hankalinsa ya riga ya tafi. Gida ya saba da tsarinsa, sai ga mutum ya shigo yana son a sake komai. Da take magana sai na tuna fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zamanin kakanninmu: riba tana da yawa, amma matan da aka bari a gida su ma sun biya rabonsu na kuɗin tafiyar, ba a dai rubuta shi a lissafi ba. Ni kuma a raina na ƙara wani abu da su bai dame su ba: Musulmin da ya ɗauki wannan aiki ya san Juma'a biyu cikin kowace shida za su wuce shi a tsakiyar ruwa.

Don in ga ɗaya ɓangaren, wato matatar Mongstad, muka kama hanyar arewa. Tafiyar kanta abin kallo ce. Motar da muka shiga tana fita Stavanger sai ta nutse cikin hanyar da aka fafe a ƙarƙashin teku, zurfin sama da mita 200, ta ɓullo a wani tsibiri. Sau biyu tana shiga jirgin fito, fasinjoji su sauka su hau sama su sha kofi, duwatsu suna wucewa dama da hagu. Bayan Bergen akwai gada da ke kwance a kan ruwa bisa manyan tukwanen kankare masu yawo, domin zurfin wurin ya fi ƙarfin ginshiƙi. Daga nan sai ƙauyuka da tumaki da fili mai gajeren ciyayi, har dogayen hasumiyoyin Mongstad suka bayyana a bakin ruwa.

Baƙo ba ya shiga matatar, don haka daga waje na kalle ta. Wadda ta yi mana bayani 'yar baffan maƙwabcin ce, a falonta, nisan 'yan mintuna daga ƙofar matatar. Da can a kanti take aiki. Ta haura talatin sannan ta koma makaranta ta koyi aikin sarrafa na'urorin masana'anta, yanzu tana ɗakin da ake lura da matatar ta allunan kwamfuta. An buɗe Mongstad a 1975, kuma tana iya tace tan miliyan 12 na ɗanyen mai a shekara. Ta zana mana yadda abin yake a bayan ambulan: a dafa ɗanyen mai har ya haura digiri 300, a tura shi cikin doguwar hasumiya, marar nauyi ya hau sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa, gas a can ƙoli, sai abin da za a yi fetur da shi, sai kananzir da man jirgin sama, sai dizal. Abin da ya rage a ƙasa a sake fasa shi a wata na'urar, har baƙin gawayin ƙarshe ma ana sayar wa masu narka alminiyom. A ƙarƙashin ƙasar wurin kuwa akwai manyan koguna da aka fafe cikin dutse, a nan ake ajiye ɗanyen mai kafin jirage su ɗauka.

Ta ce kada kowa ya ruɗe mu cewa aikin tudu hutu ne. Matatar mai ba ta barci. Ana karɓa-karɓa ne, safe, yamma, dare, kuma wannan juyin yana cin jiki fiye da yadda matashi yake zato. Shi ya sa makon masu irin wannan aiki bai kai awa 34 ba. Haɗarin ma yana nan: wuta, da iska mai guba da ake yawo da na'urar gano ta a ƙirji, da sinadaran da illarsu ba ta fitowa sai bayan shekaru. Lokacin garambawul kuwa, idan aka kashe wani sashe don babban gyara, 'yan kwangila suna cika wurin, kowa idonsa ya yi ja. Albashin bai kai na teku ba. Amma duk ranar duniya tana kwana ko tana yini a gidanta. Ranar da mahaifinta ya faɗi, cikin rabin awa tana gabansa. Wanda ke teku, in hazo ya rufe, ko sarki ne sai ya jira helikwafta ta samu hanya.

Damuwar matatar mai ta wani gefen ce. Da Norwe tana da manyan matatu uku. Ta Shell da ke Sola ta rufe a 2000, ta Esso da ke Slagen ta daina tacewa a 2021, saura Mongstad ita kaɗai. A 2024 kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka saya a ƙasar masu lantarki ne, kuma mafi yawan abin da matatar ke tacewa waje ake kai shi. Mutumin da zai sayar da gidansa ya kwashe iyali ya koma kusa da ita dole ya tambayi kansa shekara nawa ta rage mata. Na kasa hana kaina tuna matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 aka kuma yi shekaru ba ta tace ko ganga ɗaya ba. Bambancin shi ne can an san dalilin rufewa tun da wuri, ana faɗa a fili, ana shiri.

Da na tambaye ta ko tana fargaba, sai ta nuna mini abin da ni ban lura da shi ba. Dandamalin teku shi ma ƙaramar masana'anta ce: abin da ke fitowa daga rijiya gauraye yake, mai da gas da ruwa, sai an raba su a can kafin a turo. Man filin Johan Sverdrup, wanda aka fara ɗebowa a 2019, ta bututu mai tsawon kilomita 283 yake zuwa har Mongstad. Mai lura da na'ura a wancan bakin bututun da mai lura a wannan bakin takardar shaida ɗaya suke riƙe da ita. Da ita za ta iya zuwa teku, ko masana'antar gas ta Kårstø ko ta Kollsnes, ko cibiyar gwajin kama hayaƙin kabon da aka buɗe a gefen matatar a 2012. Abokan aikinta da yawa sun yi teku suna samari, suka dawo tudu da aka haifi yara, wasu kuma suka sake komawa da yaran suka girma.

Wannan takardar shaida ita ce abin da ya fi burge ni a duk tafiyar, fiye da gadoji da hanyoyin ƙarƙashin teku. Yaro yakan yi shekara biyu a makarantar sana'a, biyu a wurin aiki yana koyo ana biyansa, sannan ya yi jarrabawar hannu a gaban gwanayen sana'ar. Babba da ya yi shekara biyar yana aiki ba takarda, shi ma yana da damar zama jarrabawar. Doka ta ba ma'aikacin da ya daɗe a wurin aikinsa izinin tafiya ƙaro ilimi ya dawo ya tarar da gurbinsa, ko da yake ba a biyansa albashi a tsakani. Mai walda da mai wayarin ba sa sunkuyar da kai a gaban mai digiri. A duk hirar da na saurara, a gidajen biyu, ban ji an ambaci wanda za a je a gani ko wanda zai sa baki ba. Ban kuma ji tsoron yunwa ba: asibiti da makarantar yara ba su rataya a kan wane aiki uba ya zaɓa ba. Abin da ake aunawa shi ne barci, da gwiwa, da shekarun yara, da haƙurin mata.

Wannan bai faɗo daga sama ba, kuma cikin waɗanda suka gina shi har da baƙo. Farouk al-Kasim masanin duwatsu ne ɗan Basra ta Iraƙi. A 1968 ya bar babban aiki a wani kamfanin mai a ƙasarsa ya koma Norwe, ƙasar matarsa, saboda ɗansu yana buƙatar magani. Ya leƙa ma'aikatar masana'antu a Oslo don ya tambayi sunayen kamfanonin da zai nemi aiki, sai suka riƙe shi. Yana cikin waɗanda suka tsara raba aiki gida uku: ma'aikatar gwamnati ta yi siyasa, hukuma ta sa ido, kamfani ya yi kasuwanci, kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Harajin ribar mai ya kai kashi 78 cikin 100. Kuɗin yana shiga asusun da aka kafa a 1990 aka fara zuba masa a 1996, kuma ƙa'idar ita ce gwamnati ta ci kusan kashi 3 cikin 100 na asusun a shekara, ta bar uwar kuɗin.

Duk da haka teku ba ta da alkawari. Da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, dubban mutane sun rasa aiki a yankin, farashin gidaje a Stavanger ya sauka, kuma 'yan kwangila aka fara sallama. Maƙwabcin ya san wannan sarai, domin a lokacin wasu da suka bar wayarin suka tafi teku sun dawo suna neman tsohon aikinsu. Ta ƙofar kwangilar nan kuwa shi ma zai shiga, don guraben manyan kamfanoni masu nema sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Da ni aka tambaya, tudu zan ce. Mutum mai shekara arba'in da ƙananan yara ya fi buƙatar a gan shi kullum ko da a gajiye. Amma ni baƙo ne, ba ni zan tashi yara daga makarantarsu da abokansu in kai su ƙauyen da ba su san kowa ba, ba ni kuma zan ce wa ma'aikaciyar jinya ta bar asibitin da ta saba ba. Wannan ne ma ya karya gardamar a ƙarshe. Bayan na dawo gida ɗan yayata ya bugo waya. Ya ce, "Kawu, mutuminka ya tafi teku." Matar ce ta gindaya sharuɗɗa: za a gwada shekara ɗaya, ita za ta rage aikin dare, kakar yaran za ta riƙa zuwa a makonnin da ba ya nan, kuma ba zai sayar da motar aikinsa da kayan wayarin ɗinsa ba sai shekarar ta cika.